Gashin Makiyayi da Kabewa: Abincin da Mai Ciwon Suga Zai Ci Tare da Iyali

Uwargida, idan akwai mai ciwon suga a gidanki, kin san ƙaramar tukunyar nan da ake ɗorawa bayan an sauke ta kowa da kowa. A babbar tukunya tuwon shinkafa ne ko dafa-duka, ƙamshi ya cika tsakar gida. A ƙaramar kuwa tuwon alkama ne, ko faten acca, ko wake da aka dafa ba mai ba yaji. A kai wa maigida ko Inna ɗaki, a rufe da faifai, su ci su kaɗai. Sati ɗaya, sati biyu, wata guda, sai ki fara lura kwanon yana dawowa da saura. Ba da jimawa ba labari zai iso miki cewa an ga mutumin naki a teburin mai shayi yana tsoma burodi a shayi mai kauri, ko kuma jikoki su tona asirin Inna cewa ita ce take ƙarasa musu ƙanzo.

Kada ki yi saurin cewa taurin kai ne. Mutumin da ya shekara 50 yana sa hannu a kwano ɗaya da iyalinsa, ranar da aka ware masa nasa, ji yake kamar an sallame shi daga gidan. Ke ma da kike girkin kin san wahalarsa: wuta biyu, cefane biyu, wanke-wanke biyu, ga tsadar gawayi da ice. Shi ya sa a wannan makon na kawo miki wani girki da asalinsa na nesa ne, amma kayansa duka za ki same su a kasuwar Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura. Tire ɗaya ake yi, a yanka wa kowa, mai lafiya da mai ciwo, ba tare da an nuna wani da yatsa ba.

Daga ina ya fito?

Turawan Birtaniya suna kiransa shepherd's pie, ni kuma na raɗa masa gashin makiyayi. Hawa biyu ne. A ƙasa niƙaƙƙen naman rago da aka dafa da albasa da kayan lambu har romonsa ya yi kauri, a sama kuma dankalin Turawa da aka dafa aka murje da man shanu, sai a gasa har saman ya yi ja. Idan da naman sa aka yi, suna ba shi wani sunan daban, don a ganinsu makiyayi tumaki yake kiwo. An fara ganin wannan suna a littattafan girkinsu wajen tsakiyar ƙarni na 19, kuma abincin talaka ne: ragowar gasasshen naman ranar Lahadi ake yayyankawa a rufe da dankali, don ya ƙara kai iyali wata rana. Faransawa ma suna da irinsa, sun sa masa sunan Parmentier, wani masanin haɗa magunguna da ya sha fama a ƙarni na 18 kafin ya shawo kan mutanen ƙasarsa su yarda dankali abincin mutane ne.

Na tabbata idan kika tare wani Bafulatani mai kiwo a dajin Roni kika miƙa masa wannan kika ce abincin makiyayi ne, dariya zai yi ya nemi furarsa. Ba komai, sunan ne kawai muka ara. Abin da ya ja hankalina shi ne tsarinsa. Sitacin abincin duk yana taru ne a wuri guda, wato rufin dankalin da ke sama. Idan aka sauya rufin, sauran ba ya buƙatar gyara mai yawa.

Lissafin da ya kamata ki sani

Bari mu ɗan tsaya a nan, don wannan shi ne abin da yawancin gidaje suke kuskurewa. Duk abincin da ke da sitaci, idan ya shiga ciki, jiki yana narkar da shi ya koma suga ya shiga jini. Ba sai harshe ya ji zaƙi ba. Masana suna haɗa sitaci da sukari a aji ɗaya da suke kira kabohaidiret, kuma yawansa a cikin abin da aka ci shi ne babban abin da ke ɗaga sugan jini bayan an tashi daga kan tabarma.

Dafaffiyar farar shinkafa mai nauyin giram 100 tana ɗauke da kimanin giram 28. Farantin babban mutum kuwa ba wuya ya kai giram 300, kin ga an tashi da giram 84 ke nan. Cokalin shayi ɗaya na sukari kimanin giram 4 ne, sai ki raba ki gani: ya haura cokali 20. Gaskiya ne ba da sauri ɗaya suke shiga jini ba, amma duk can za su. Dafaffen dankalin Turawa yana da kusan giram 20 a kowane 100, dankalin Hausa ma haka, doya ta ɗan fi su.

To ina alkama da acca, waɗanda aka mayar abincin masu suga? Busasshen hatsi, ko gero ne, ko dawa, ko masara, ko alkama, ko acca, ko shinkafa, duk suna tsakanin giram 70 zuwa 80 a kowane 100. Alkamar da aka niƙa da dusarta tana da amfaninta, dusar tana rage saurin narkewa. Amma malmala biyu ta tuwon alkama sitaci ce mai yawa, ko da wa ya ce miki magani ce. Na sha ganin gidan da ake sayen alkama da tsada, a tuƙa wa mara lafiya malmala uku, ana mamakin yadda awon ya ƙi sauka.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Kabeji yana da kimanin giram 6 a kowane 100. Farin kabeji, mai kama da dunƙulallen fure, giram 5. Kabewa kuwa ya danganta da irinta: mai ruwa-ruwa tana da kamar 5 zuwa 7, mai tauri da zaƙi sosai takan kai 12. Nama da ƙwai kusan babu komai. Awara ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idan yankan mutum ɗaya yana ɗauke da giram 200 na rufin dankali, ya ci kusan giram 40 na sitaci. Idan rufin na kabewa da kabeji ne rabi da rabi, zai tsaya tsakanin 12 da 18. Bai kai rabi ba, kuma cikin ya cika.

Wannan hanya ba ƙirƙirar masu wayar hannu ba ce. A 2019 ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ta fitar da matsayar masananta, inda suka ce a cikin dabarun gyaran abinci, rage yawan kabohaidiret ne ya fi samun hujja wajen daidaita sugan jini, ko da yake sun ƙara da cewa babu tsarin cin abinci guda da zai dace da kowa. Ciwon kuma yana nan a cikinmu. Ƙididdigar da tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya ta fitar a 2021 ta nuna manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, kimanin miliyan 3.6 a Najeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Wani nazari da Dakta Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya wallafa tare da abokan aikinsa a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, ya samu kashi 5.77 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, kashi 3 kuma a arewa maso yamma inda Jigawa take. Namu yankin ne mafi ƙaranci a lissafin. Duk da haka, mutum 3 a cikin 100 yana nufin babu unguwar da za ki shiga ki rasa gidan da ake ɗora ƙaramar tukunyar nan.

Me kasuwarmu take da shi?

Turawan da suke son rage sitaci, farin kabeji suke dafawa su markaɗa a madadin dankali. Idan kika duba bidiyon girki a waya, shi za ki yi ta gani. Matsalar ita ce shi ɗan wuri mai sanyi ne, daga Filato ake kawo mafi yawansa. Kafin ki same shi sai kin yi aike Kano, kasuwar 'Yankaba ko manyan kantuna, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure, mutanen Gwiwa da Babura kuwa ba a magana. Ya iso a yamutse, da tsada, kuma ba ya jure zafi. Girkin da sai an yi aike Kano kafin a yi shi, sau ɗaya za a yi a ɗauki hoto a manta.

Kabewa kuwa tamu ce. Da kaka tana nan jibge a kasuwa, wasu ma a bayan gida suke shuka ta ta hau danga ko rumfa. Idan ba a fasa ta ba, tana yin watanni a inuwa ba ta lalace ba. Kabeji kuma lokacin sanyi yake arha, sa'ad da masu noman rani suke fito da kayan lambu. Mutanen Kazaure da ke da dam ɗin Muhammadu Ayuba a gefen gari sun san yadda tumatir da albasa da attarugu suke cika kasuwa a wannan lokaci. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Maris kayan wannan girki suna haɗuwa a lokaci guda, a farashin da ake iya ɗauka.

Me ya sa ba kabewa zalla ba? Dalili biyu. Na farko, ɗan sugan da ke cikin kabewa mai saurin shiga jini ne, ƙarancinsa ne yake ceton ta, don haka ba a so a cika ta. Na biyu, zaƙinta yana danne ɗanɗanon nama. Kabeji yana karya zaƙin, ita kuma tana ba shi launi da laushi da yake rasawa. Wajen saye ki zaɓi kabewar da ta ƙosa, mai nauyi a hannu, wadda bawonta ya yi tauri har farce ba ya shiga. Ɗanyar kabewa ruwa ce zalla.

Ga abin da za ki tanada don mutum 6: nama rabin kilo, ɗanyar awara da ba a soya ba kamar cikin kofi biyu, albasa 2, tumatir 4, tattasai 2, attarugu gwargwadon bakin gidanki, ƙaramin karas 1, alayyahu ko zogale cikin hannu biyu, daddawa, tafarnuwa, citta, masoro, agushi niƙaƙƙe cokali 3 na cin abinci. Na sama kuma: ferarriyar kabewa kimanin giram 700, rabin matsakaicin kabeji, ƙwai 2, man shanu cokali 2, da riɗi cokali 2.

Naman ƙasa

Ba kowane mahauci ne yake da injin niƙa nama ba, kuma ba lallai ne ki nema ba. Ki ce ya ba ki tsoka, ta rago ko ta akuya ko ta sa, da ɗan kitse kaɗan. Ki sulala ta da albasa da citta da gishiri har ta yi laushi, ki ajiye romon, ki daka naman a turmi kamar za ki yi dambu amma kada ya kai laushin dambu. Ni na fi son wannan a kan na inji, don ya fi riƙe romo. Bayan Babbar Sallah kuma soyayyen naman layya yana yi, ki jiƙa shi da ruwan zafi ya saki kafin ki daka. A nan ma kin koma asalin girkin, wato cin moriyar ragowar nama.

Na san abin da ke ranki: rabin kilo na nama a wannan zamani, ga mutum 6? Nan awara take shigowa. Ki murmushe ta da hannu, ki soya ta sama-sama a mai kaɗan har ta fara ja, sannan ki haɗa da naman. Tana shan romo ta ɗauki ɗanɗanonsa, wanda bai sani ba ba zai raba ta da nama ba. Ranar da aljihu ya yi nauyi ki ƙara nama, ranar da ya yi sauƙi ki ƙara awara. Wake ma yana ƙara auki, amma ki tuna dafaffen wake yana da kusan giram 20 na sitaci a kowane 100, don haka ludayi ɗaya ya isa tire guda.

Ki soya albasa a man gyaɗa cokali 2 har ta yi laushi, ki zuba tafarnuwa da jajjagen tumatir da tattasai da attarugu, ki bar shi ya soyu har tsamin ya fita. Ki zuba dakakken nama da awara, da karas da kika yanka ƙanana, da daddawa da masoro. Turawa suna zuba wani baƙin ruwan ɗanɗano na kwalba a wannan mataki, mu daddawarmu ta wadatar, ta ma fi. Suna kuma barbaɗa fulawa don romon ya yi kauri. Ke kada ki sa, sitaci ce kike gudu. Ki dama agushi da romon da kika ajiye, kamar kofi ɗaya, ki zuba, ki rage wuta. Cikin minti 10 zai kama jikinsa. A ƙarshe ki zuba ganyen, ki juya, ki sauke. Alamar ya yi ita ce idan kika ja cokali a tsakiyar tukunya, hanyar ba ta rufewa nan take.

Ki yi hankali da gishiri da ɗunƙule. Ciwon suga da hawan jini sau da yawa tare suke tafiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke cikin ɗunƙule. Idan daddawa da kayan ƙamshi sun ji, ɗunƙule ɗaya ya ishi tiren.

Rufin sama, inda aikin yake

Karo na farko da na gwada, na yi abin da kowace mace za ta yi: na yanka kabewa na zuba a ruwa na tafasa, na murje na shimfiɗa a kan nama. Da na buɗe bayan rabin awa, sama da ƙasa sun zama abu ɗaya, ruwa yana tsalle a gefe. Da cokali aka sha shi, yaran gidan suka sa masa suna faten Turawa, har yau ba su daina tsokanata da shi ba.

Kuskuren a bayyane yake. Dankali yana da sitacin da ke shanye ruwa ya riƙe kansa. Kabewa da kabeji fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsu ruwa ne, kuma ba su da abin da zai riƙe shi. Abin da muke gudu a dankali shi ne kuma yake tsayar da rufin. Don haka duk dabarar a nan ta raba su da ruwa ce.

Kada ki tafasa, ki turara. Ki ɗauko madambacin da kike dambu da shi, ki jera yankakkiyar kabewa a ƙasa, yankakken kabeji a sama, ki rufe. Minti 15 zuwa 20 sun isa, da zarar cokali mai yatsu ya shige kabewar ba gardama. Kada ki bar kabeji ya wuce haka, idan ya daɗe a wuta wari yake yi. Ki juye a gwagwa su sha iska tururin ya fita.

Kabejin ki daka shi a turmi ko ki markaɗa ba tare da ƙara ruwa ba, sannan ki zuba a tsaftataccen ƙyallen da kike tace kamu da shi, ki murɗe ki matse iya ƙarfinki. Za ki yi mamakin ruwan da zai fito. Kabewar ma ki murje ta ki ɗan matse, amma a hankali, don ita takan bi ta ƙofofin ƙyalle. Ruwan kada ki zubar, ya shiga miyar gobe.

Saura mataki ɗaya da bai kamata ki tsallake ba. Ki haɗa su a busasshiyar tukunya, ki ɗora a wuta kaɗan, ki riƙa tuƙawa da muciya kamar minti 5 zuwa 8, har tururi ya ragu kuma haɗin ya fara barin gefen tukunya kamar tuwo ya kusa yi. Ki sauke, ki sa man shanu da ɗan gishiri da masoro. Ki jira ya huce har ki iya sa yatsa, sannan ki fasa ƙwai 2 ki juya sosai. Idan kika sa da zafi, ƙwan zai dahu tun a nan ya yi gudaji. Ƙwan shi ne zai yi aikin da sitaci yake yi, a wuta zai ƙulle rufin ya tsaya.

Ki shafa mai a kwanon silba mai zurfi ko tiren gashi, ki zuba naman ki danna ya kwanta daidai. Ki ɗebo haɗin kabewa cokali-cokali, ki fara daga gefe ki zagayo tsakiya, don kada romo ya sami hanyar hawowa. Ki ja layi-layi a sama da cokali mai yatsu, tudun layukan ne suke yin ja su yi ƙamshi. Turawa cuku suke barbaɗawa. Mu a Jigawa da Allah ya hore mana riɗi har ana fita da shi ƙasashen waje, shi za ki barbaɗa. Idan ya gasu, ƙamshinsa kaɗai ya isa ya fito da yara daga ɗaki.

Idan babu abin gashi na zamani

Mai oven ta sa a zafin digiri 200 na minti 25 zuwa 30. Wadda ba ta da shi, ko wutar lantarki ta yi halinta, ta yi yadda ake gasa kek ɗin biki. Ki zuba yashi mai tsafta a ƙasan babbar tukunya, kaurin yatsu biyu, ki rufe ki bar shi ya yi zafi minti 10. Ki ɗora ƙananan duwatsu 3 ko murfin tukunya a kan yashin, ki zaunar da kwanon a kai, ki rufe. Sirrin shi ne wutar sama ta fi ta ƙasa: ki rage garwashin da ke ƙarƙashi, ki kwashe mafi yawansa ki zuba a kan murfi. Naman ya riga ya dahu, saman ne yake neman wuta. Ki ɗan sa tsinke a bakin murfin don tururi ya sami mafita, in ba haka ba zai taru ya ɗigo a kan rufin da kika sha wahalar busarwa. Bayan minti 30 ki leƙa. Idan saman ya yi ja kuma kin taɓa kin ji ya tsaya, ya yi.

Kada ki yanka nan take. Ki ba shi minti 15 ya huta, sannan zai yanku gida-gida.

Kafin ki miƙa wa mai shan magani

Wannan ɓangaren ina roƙon ki karanta shi sau biyu, maigida ma idan yana kusa a karanta masa. Maganin suga an auna shi ne daidai da abincin da mutum ya saba ci. Wanda yake allurar insulin, ko yake shan ƙwaya irin wadda ake sayarwa da sunan Daonil da 'yan'uwanta, idan ya sha maganinsa kamar kullum sannan aka rage masa sitaci da yawa a dare ɗaya, sugansa zai iya faɗuwa ƙasa da ƙima. Wannan ya fi hawan suga saurin yin illa. Alamominsa su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ko mutum ya fara magana ba kan gado. A na'urar awo, duk abin da ya gaza 3.9, ko 70 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, ya yi ƙasa. Idan haka ta faru kuma yana cikin hayyacinsa, ki dama sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ya sha, a sake awo bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a nufi asibiti.

Don haka kafin wannan girki ya zama na yau da kullum, a je wa likita ko ma'aikacin lafiyar da ke duba shi, a babban asibitin Kazaure ne, ko na Babura, ko duk inda katinsa yake, a gaya masa ana so a rage tuwon dare. Shi zai ce ko a rage magani ko a bar shi. Kada kowa ya ajiye maganinsa don ya ci kabewa. Mai ciwon ƙoda ma sai ya tambaya, domin nama da ganye da kabewa suna da sinadaran da ƙodar da ta gaza ba ta iya fitarwa yadda ya kamata. Mai juna biyu da yaron da ke allurar insulin kuwa, ba a taɓa tsarin abincinsu sai da izinin likita.

Su kuma yara masu lafiya da samarin da suka yini a gona ko a kan babur, ba su da dalilin gudun sitaci, jikinsu yana buƙatarsa. Ki yanka musu nasu ki haɗa da 'yar shinkafa ko gurasa a gefe. Mai ciwon ki cika masa gefen farantinsa da kwaɗon zogale ko rama, wanda ba a sa wa sukari ba, ki kuma lura da ƙulin da za ki yi kwaɗon da shi, don wasu masu yi suna sa masa sukari. Abin sha ruwa, ko zoɓo da citta ba zaƙi. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, da bazara ma awa 1, don dakakken nama da ƙwai ba sa jure zafinmu. Idan babu firji, ki yi daidai cikin gidan.

Idan akwai na'urar awo a gidan, ga abin da nake ba ki shawara ki yi a makon farko. Daren da aka ci tuwo, a auna kafin a fara ci, a sake aunawa bayan awa 2, a rubuta a takarda. Daren da aka ci gashin makiyayi a yi haka nan. Ga mafi yawan manya masu ciwon, abin da likitoci suke nema bayan cin abinci shi ne awon ya tsaya ƙasa da 10, ko 180 a ɗaya ma'aunin. Jikin kowa da yadda yake karɓar kabewa, kuma takardar ce za ta nuna miki na mutumin gidanki. Ranar komawa asibiti a tafi da ita tare da katin.